Mai Am 75: Wani Malamin Hausa da Batirin Motarsa

A wata safiyar Litinin ta watan Disamba, jim kaɗan bayan an idar da sallar Asuba, wani malamin Hausa na makarantar sakandare a birnin Kano ya murɗa makullin motarsa, sai ta yi ƙas-ƙas sau biyu, ta yi shiru. Ya sake murɗawa, fitilun gaban direba suka dusashe kamar aci-bal-bal da mai ya ƙare masa. A kujerar baya mahaifiyarsa ce zaune, lulluɓe da bargo, ana jiran ta a asibiti da ƙarfe 7 domin wankin ƙoda, wanda ake yi mata sau biyu a mako, Litinin da Alhamis. Motar tsohuwar Corolla ce 'yar Kwatano, kuma otomatik ce, saboda haka ba a maganar a tara samarin unguwa su tura ta. Sai da ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcinsa, aka ciro batirin motar maƙwabcin aka jona, sannan ta tashi. Karo na uku ke nan cikin mako biyu.

Tsohuwar ba ta ce komai ba. Da yake shi ne ɗanta na fari, ba ta ambaton sunansa, kuma ba ta cika yi masa magana kai tsaye ba. Sai da suka hau titi ta dubi taga ta ce, "Mota dai ta tsufa." Ya ce, "Batir ne, Inna. Za a canza."

Malamin bai san kan mota ba, amma mutum ne mai kunnen kalma. Yana da wani ɗan littafi da yake tara kalmomin masu sana'a a ciki, irin waɗanda ba a zuwa neman su a ƙamusun Bargery na 1934, sai dai a tsaya a gareji a saurara: kik, fambel, altaneto, rewaya, kwandam. Ya daɗe da lura da cewa Bahaushe ya ɗauki mota a matsayin abu mai rai. Tana tashi, tana mutuwa, tana shan mai, tana cin taya, tana tari, wani lokaci har gardama take yi. Batir kuwa yana ɗaukar wuta, yana riƙe ta, yana sauka, yana yin sanyi. Wannan sani ya ishe shi rubuta maƙala, amma bai ishe shi gane abin da ke damun motarsa ba. Don haka da abokan aikinsa suka haɗu a kan magana ɗaya a ɗakin malamai, cewa batirinsa ne ba shi da ƙarfi, ya sa babba ya huta, sai ya karɓa. Maganar ta yi daidai da hankali: abin da ya gaza saboda ƙanƙanta, ai babba ne maganinsa.

Ranar Asabar ya nufi Ƙofar Ruwa. Mai shagon ya leƙa ƙarƙashin bonet, ya dubi batirin da ke ciki, ya girgiza kai.

"Malam, wannan ai am 45 ne. Na yara ne. Ga mai am 62, ga kuma mai am 75. In ka sa 75 ɗin nan, ka manta da maganar batir."

"Alhaji, ba zai ƙona mini wani abu ba? Na ji ana cewa babban batir yana ƙona wayoyin mota."

"Duk bolt 12 ne, Malam. Ƙarfi kawai ya fi."

Alhajin bai yi ƙarya ba, amma kalmar da ya yi amfani da ita ta ɗauki kayan da ya fi ƙarfinta. A bakin 'yan kasuwa da direbobi, kalmar "ƙarfi" tana wakiltar abubuwa uku mabambanta, kuma kowannensu da ma'auninsa a jikin batir. Na farko shi ne bolt, wato matsin da ke tura wutar cikin waya. Batirin ƙaramar mota ɗakuna shida gare shi, kowanne yana ba da kimanin bolt 2.1, idan aka haɗa su a jere sai a sami 12.6 a lokacin da ya cika. Wannan ba ya canzawa tsakanin ƙaramin batir da babba, shi ya sa babban ba ya ƙona komai: kowace na'ura a mota tana jan gwargwadon buƙatarta ne kawai. Na biyu shi ne yawan wutar da batir zai iya saki a tashi ɗaya na 'yan daƙiƙoƙi domin juya kik, musamman cikin sanyi. Na uku kuwa shi ne yawan wutar da yake iya adanawa, kuma shi ne lambar da Alhajin ya ambata. A jikin batirin an rubuta 75Ah, ma'ana amfiya a cikin awa. Kasuwa ta gutsure kalmar, ta riƙe "am" ta yar da "awa", alhali kuwa a cikin awar nan ma'anar take. Lambar tana nuna tsawon lokacin da batir zai jure ana jan sa kafin ya ƙare. Ma'aunin ciki ne, kamar a ce wannan randa tana cin tulu biyar, waccan tana cin takwas.

Duk wannan daga baya malamin ya fahimce shi. A ranar dai ya biya kuɗin da ya kusa kai rabin albashinsa, bayan an rage masa ɗan abin da aka kimanta tsohon batirin a matsayin kwandam. Tun a wurin sawa aka fara ganin alamar cewa an yi wa motar rigar da ba tata ba. Sabon batirin ya fi mazauninsa tsawo, ƙarfen da ke danne batir bai kai ba, sai yaron shago ya yanko robar tsohon tiyub ya ɗaure shi. Kawunan batirin kuma sun fi na tsohon kauri, domin ƙananan batura na motocin Japan sukan zo da siraran kawuna, sai da aka yanke bakin wayoyin aka sa wasu. Malamin ya murɗa makulli, mota ta tashi tun kafin ya saki hannu. Ya koma gida yana jin kamar an sauke masa dutse daga ka.

Mako uku aka yi cikin kwanciyar hankali. Har ya fara ba wasu shawarar da aka ba shi.

A safiyar wata Alhamis ta watan Janairu, lokacin da hazo ya rufe gari, sanyi kuma ya sauka ƙasa da digiri 15, motar ta sake yin ƙas-ƙas ɗin nan da ya sani. Maƙwabcin ya yi tafiya. A irin wannan lokaci ba a samun adaidaita-sahu a cikin lungu, wanda aka samu a bakin titi kuma sai da aka yi jira. Kafin su isa asibiti an ɗora wani mara lafiya a kan injin, wankin ƙoda kuwa yakan ɗauki kimanin awa huɗu, layi kuma a cike yake. Aka ce su dawo gobe. Wanda bai taɓa jinyar mai ciwon ƙoda ba zai ga kwana ɗaya ba wani abu ba ne. Amma a daren nan ƙafafun tsohuwar suka kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya, ta kwana a zaune jingine da matashin kai, ɗanta kuma ya kwana a bakin ƙofar ɗakinta yana ƙirga numfashinta. Da ƙyar aka ga wayewar gari.

Bayan an yi wankin ranar Juma'a, sai ya yi abin da ya kamata ya fara yi tun a watan Disamba: ya kai motar wurin rewaya. Wani dattijo ne mai rumfar kwano a gefen wani gareji, wanda ba ya gaggawar magana. Malamin ya fara da ƙorafi, cewa an sayar masa da jabun batir. Dattijon bai amsa ba. Ya ɗauko mitarsa ya ɗora a kan batirin, mota a kashe. Ta nuna 11.9.

"Batirinka lafiyarsa ƙalau, Malam. Yunwa yake ji."

"Baba, sabo ne fa. Am 75."

"To, wa yake ba shi abinci?"

Aka jona aka ta da motar, ya sake aunawa: 12.9. Ya sa aka kunna fitilun gaba da fanka, lambar ta ƙara sauka. Ya bayyana cewa altaneto mai lafiya yakan riƙe wutar tsakanin 13.8 da 14.4 idan inji yana aiki, domin sai matsin da ke shigowa ya rinjayi na cikin batir sannan wuta take shiga. Na wannan mota burosh ɗinsa sun cinye, fambel ɗin kuma ya saki, saboda haka abin da yake samarwa da ƙyar yake isar motar kanta, sai ɗan ragowa yake kai wa batir. Ga shi kuma tafiyar malamin gajera ce: minti 15 zuwa makaranta, rabinsa a cikin cunkoso, inda inji ke juyawa a hankali, altaneto kuma ba ya ba da cikakkiyar wutarsa sai inji ya ɗaga.

A nan ne malamin ya ga inda tunaninsa ya karkace. Ya ɗauka batir ne tushen wutar mota. A haƙiƙa batir ba ya haifar da wuta a mota, ajiya kawai yake yi. Tun lokacin da Gaston Planté, wani masanin kimiyya Bafaranshe, ya ƙirƙiro batirin dalma da ruwan asid a 1859, falalarsa ita ce ana iya mayar masa da abin da aka cire. Da kamfanin Cadillac ya fito da mota mai kik na lantarki a 1912, aka huta da ƙarfen da ake murɗawa da hannu a gaban mota, sai aikin batir ya zama bashi na 'yan daƙiƙoƙi: ya ranta wa kik wuta, inji ya tashi, na'urar caji ta biya shi. Bashin ma ba mai yawa ba ne. Ko da kik ya ja amfiya 200 na daƙiƙa uku, abin da ya fita bai kai kashi ɗaya cikin biyar na am ɗaya a awa ba. Ke nan ta da mota ba shi ne yake cinye batir mai am 45 ba, balle mai 75. Randa ce aka ƙara wa girma, alhali mai kawo ruwa ne ya rage zuwa.

Dattijon bai tsaya nan ba. Ya ce raunin altaneto kaɗai bai isa ya kwashe sabon batir cikin mako uku ba, akwai ɓarawo a cikin gida. Ya kashe motar, ya zare makulli, ya rufe ƙofofi, ya cire wayar baƙin kai, wato nagatib, ya sa mitar tsakaninta da batirin. Motar da ke barci bai kamata ta ja fiye da ɗan abin da agogo da ƙwaƙwalwar rediyo ke buƙata ba, kimanin miliamfiya 50 ko ƙasa da haka. Wannan tana jan fiye da 400. Ya shiga zare fiyus ɗaya bayan ɗaya yana duban mita, har ya zo kan na fitilun ciki, lambar ta faɗi. Fitilar rufin mota a kashe take, kowa yana gani. Sai ya kira ƙaramin yaronsa ya ce ya shiga but, ya rufe murfin a kansa na ɗan lokaci. Daga ciki muryar yaron ta fito: "Baba, wuta tana ci!"

Ɗan makunnin da murfin but ke dannewa idan an rufe ne ya lanƙwashe. Malamin ya tsaya yana dubansa, kuma bai buƙaci a gaya masa abin da ya lanƙwasa shi ba. Keken da ake tura mahaifiyarsa a kai ne, wanda yake cusawa a but sau biyu a mako tun da aka fara wankin ƙodar, yana danna murfin da ƙarfi don ya rufu. Tun daga lokacin, wani ƙwan fitila mai wat 5 yake ci dare da rana a cikin duhun da ba mai gani.

Lissafin ba shi da wuya, malamin ma a bayan takardar jarrabawar ɗalibai ya yi shi. Wat 5 a kan bolt 12 ya kama kusan amfiya 0.4, a cikin awa 24 ya zama kimanin am 10 ke nan a kowace rana. Idan altaneton da ya raunana yana mayar da 8 a gajeren zuwa da dawowarsa, to kullum ana bin batir bashin 2. Cikin kwana 20 an ci 40 daga cikin 75, ragowar kuma ba ta iya juya inji a safiyar da sanyi ya daskarar da baƙin mai ya kuma rage kuzarin ruwan batir. Abin da kuɗinsa suka saya masa shi ne jinkirin mako uku. Mafi muni, jinkirin ya ɓoye cutar. Da ƙaramin batirin ne a ciki, da motar ta ci gaba da ƙin tashi duk bayan 'yan kwanaki har ta tilasta masa zuwa wurin rewaya tun da wuri, kuma a ranar da maƙwabcinsa yake gida.

Ba adalci ba ne a ɗora wa kalma laifin da na mutane ne, kuma Hausa ba ta rasa hanyar bambance waɗannan ma'anoni ba. Dattijon nan ya bambance su sarai da "yunwa" da "abinci" da "ɓarawo", ba tare da ya ari kalmar boko ko ɗaya ba. Abin lura dai shi ne cewa harshen mai sayarwa da harshen mai gyara ba ɗaya ba ne, ko da kalmominsu sun yi kama. Mai sayarwa yana magana a kan abin da ke kan kantarsa, don haka "ƙarfi" ta ishe shi. Mai gyara yana magana a kan shiga da fita, don haka aikatau ya fi yawa a bakinsa: yana ja, yana sha, yana zuba, ba ya mayarwa. Masu aikin ƙirƙirar kalmomin kimiyya da fasaha sukan fi damuwa da sunaye, a samo wa bolt suna, a samo wa amfiya suna. Wanda ya zauna awa ɗaya a rumfar rewaya zai ji cewa ilimin sana'ar a cikin aikatau yake zaune.

Malamin ya tambaya ko ya kamata ya mayar da babban batirin ya karɓo ƙarami. Dattijon ya ce babu dalili. Babban batir ba ya cutar da mota matuƙar bolt ɗinsa ɗaya ne, ya zauna daram a mazauninsa, kawunansa suna gefen da wayoyi suke, kuma jan kan bai kusanci ƙarfen bonet ba. Har yana da amfani ga mai barin mota kwanaki ba a tayar ba, ko mai zama cikinta da fanka da rediyo inji a kashe, kamar yadda shi malamin yake yi a harabar asibiti. Illarsa ɗaya ce: idan ya sauka sosai, cika shi yana ɗaukar lokaci fiye da ƙarami, altaneto kuma ba a yi shi don cika batirin da ya ƙare ba, zafi yake ɗauka. Ya ƙara da cewa sababbin motoci masu kwamfutar da ke lura da caji sai an sanar da kwamfutar idan an canza girman batir, amma tsohuwar Corolla ba ta da wannan fitina. Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne robar tiyub ɗin. Batirin da ke rawa a kan ramukan titi farantansa na ciki suke zubewa, kuma ranar da ya goce jan kansa ya taɓa ƙarfe, gobara ce. Ya aika aka kira mai walda ya faɗaɗa mazaunin, ya yi masa madanni na ƙarfe.

Batirin ya kwana biyu a kan caja ana ba shi wuta a hankali. Dattijon bai ɓoye masa ba cewa ya riga ya yi asarar wani abu daga kwanakinsa. Duk lokacin da batirin dalma ya sauka, wani farin gishiri da masana ke kira salfet yakan taru a kan farantansa. Idan an cika shi da wuri sai gishirin ya narke ya koma cikin ruwan, idan kuwa aka bar shi a sauke na makwanni sai ya daskare, wurin da ya rufe kuma ya daina aiki. Zafin bazara na Kano, da ke haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, zai ƙara nasa, domin zafi ne yake cin batir a hankali, sanyi tona asiri kawai yake yi. Game da tsohon batirin mai am 45, dattijon ya ce mai yiwuwa da an kawo shi da an ceto shi. Amma wannan ya riga ya bi hanyar kwandam, inda ake fasa batura a zubar da ruwan a ciri dalmar a narka. Malamin ya tuna da yaran Zamfara da gubar dalma ta hallaka a 2010, ko da yake tasu daga dutsen zinariya ta fito, ya kuma tuna yaron shagon da ya ɗauki tsohon batirin nasa da hannu ba safa, ya jefa shi kan tarin wasu a bayan shago.

Gyaran altaneto da sabon fambel da aikin mai walda, duka a haɗe, ba su kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗin batirin ba. Makunnin but ne ba a samu irinsa a ranar ba, sai dattijon ya zare ƙwan fitilar ya miƙa masa. Da aka ta da motar, mita ta nuna 14.1.

Ranar Litinin da asuba motar ta tashi a murɗa ɗaya. Suna kan hanya tsohuwar ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "An sake sayen wani batirin ke nan?" Ya ce, "A'a, Inna, wata 'yar fitila ce take kwana a kunne." Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Ikon Allah." A harabar asibiti gari bai gama wayewa ba, but ɗin kuma yanzu duhu ne, sai ya kunna fitilar wayarsa ya riƙe ta da haƙora, ya sa hannu biyu ya zaro keken a hankali, yana kaucewa wurin da makunnin yake.